An Kama Kiɗa, Rawa Ta Kuɓuce: Sharhi a Kan Nazarin Kaɗe-kaɗen Ƙauye a Arewacin Zazzau

Gabatarwa

Fiye da shekara hamsin ke nan da fitowar littafin nan na David W. Ames da Anthony V. King mai suna Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts, wanda maɗaba'ar Jami'ar Northwestern ta Amurka ta buga a shekarar 1971. Ƙamus ne na kalmomin kiɗa da makaɗa, kuma har yanzu da wuya ɗalibi ya rubuta kundi a kan kaɗe-kaɗen Hausa bai ambace shi ba. Abin da wannan maƙala ta sa a gaba shi ne ta sake duban wannan ƙamus tare da irin nazarin da ya biyo bayansa a jami'o'inmu, ta ɗora su a kan ma'auni guda. Ma'aunin kuwa shi ne: in da za a kwashi abin da aka rubuta a kai shi ƙauyukan arewacin Zazzau, watau irin su Taba da Likoro da Hunkuyi a ƙasar Kudan, da ƙauyukan Makarfi da na Ikara, me zai iya mayar wa mutanen wurin daga cikin wasanninsu da ke ɓacewa?

Ba da ka aka zaɓi wannan yanki ba. A ƙasar Zazzau Ames ya yi bincikensa tsakanin 1963 da 1964, sa'an nan daga Hunkuyi zuwa harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru bai kai tafiyar sa'a guda a mota ba. In akwai ƙauyukan da ya kamata a ce nazari ya ratsa su ciki da bai, to waɗannan ne. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne cewa nazarin ya kama sunayen kayan kiɗa, ya kama kalmomin waƙa, amma rawa da irin taron da ke haifar da ita sun kuɓuce masa, kuma hanyar nazarin ce da kanta ta jawo haka.

Ƙamusun da abin da ya ƙunsa

Mutum biyu ne masu fanni daban-daban suka haɗa hannu. Ames masanin zamantakewar al'umma ne, abin da ya dame shi shi ne matsayin makaɗi a gari, da wanda ke ba shi, da abin da ake ba shi. King kuwa masanin kiɗa ne a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A Katsina ya yi nasa aikin, a kan gangunan fada da kakaki, da kuma kirarin iskokin bori. Saboda haka littafin ƙafa biyu gare shi, ɗaya a Zazzau ɗaya a Katsina, kuma marubutan sun yi ƙoƙarin nuna inda kalma ta bambanta tsakanin ƙasashen biyu. Sun kasa shi kashi biyar: kayan kiɗa da sassansu, sai masu sana'ar, sai waɗanda ake yi wa kiɗan, sai lokutan da ake yin sa, sa'an nan yadda ake aiwatar da shi.

Babban abin yabo a nan shi ne daga bakin Bahaushe suka fara. Hausa ba ta da kalma guda ta asali da ta tattara abin da Bature ke tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Muna da kiɗa, muna da busa, muna da waƙa, muna da kirari da roƙo, kowanne da mai yin sa da darajarsa a idon jama'a. Maimakon su matse waɗannan a cikin riga ɗaya, sai suka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har sassan ganga, tun daga kango zuwa maratayi. Inda littafin ya fi nauyi kuwa shi ne kashi na uku da na huɗu. Tun a 1957 M. G. Smith, wanda shi ma a Zazzau ya yi aiki, ya nuna a mujallar Africa cewa roƙo hanya ce ta bayyana muƙami da daraja a tsakanin Hausawa. Ƙamusun ya faɗaɗa wannan tunani ya nuna cewa kusan kowane kiɗa yana da masu shi: tambari da kakaki na sarki, kalangu na mahauta da 'yan dambe da 'yammata, dundufa ta maƙera, komo na maharba, garaya da goge na 'yan bori, gangar noma ta manoma. Wannan gaskiya ce da kowane Bahaushe ya sani a zuci, amma sai da aka jera ta a takarda muka ga faɗinta.

Sai dai a kashi na farko sun bi tsarin da Hornbostel da Sachs suka shimfiɗa a Jamus a 1914, wanda ke kasa kayan kiɗa bisa ga abin da ke ba da sauti: fata, ko tsirkiya, ko iska, ko jikin abin da kansa. A wannan tsari kalangun mahauci da tambarin sarki gida ɗaya suke saboda duka fata ce, alhali kakaki, wanda ba ya rabuwa da ƙofar fada, an kai shi wani gida tare da sarewar makiyayi. Wannan ya dace da ɗakin ajiye kayan tarihi, amma ba haka makaɗi ke kasa sana'arsa ba. Marubutan sun san da haka, shi ya sa suka ƙara sauran kashi huɗun. Amma duk da haka siffar ƙamus ta tilasta musu su yanka kowane wasa gunduwa-gunduwa, kuma inda rawa ta shigo, galibi suna ne da ɗan gajeren bayani. Yadda ƙafa ke sauka, da inda jiki ke karkata, da abin da ke sa makaɗi ya sauya hannu, ba abubuwa ne da ƙamus ke iya ɗauka ba.

Gayya

Domin mai karatu ya ga girman abin da ake magana a kai, bari mu ɗauki gayya. Yankin nan ƙasar noma ce, ga dawa da masara a tudu, ga rake da tumatir a fadama, Makarfi ma da rake da mazarƙwaila aka san ta. A da, idan aiki ya fi ƙarfin mai gona, ko saurayi zai yi wa surukinsa noma, ko za a yi wa mai gari, sai a kira gayya. Samari su jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, garma a hannu, makaɗi na biye da su da gangar noma a rataye, yaransa na taya shi da ƙananan ganguna. Kowane manomin kirki yana da takensa. Idan makaɗi ya ga wani ya fara ja da baya sai ya saki taken da yake kai ya kama nasa, ko kuwa ya kama na abokin gasarsa domin ya harzuƙa shi. Mai take ya ji, ya yi kururuwa, ya ɗaga garma sama, ya yi wa kansa kirari, ya sunkuya ya ci gaba da tsaga ƙasa kamar yanzu aka fara. Saurin ganga shi ne saurin garma. Sarar ƙasa da kifa ta a kan kunya da matsawar ƙafa duk a kan bugun ganga suke sauka, har wanda ya tsaya daga nesa ba zai iya cewa ga inda noma ya ƙare rawa ta fara ba. Wanda ya riga kowa fita ƙarshen gona ya juyo ya taka a gaban makaɗi da garmarsa, mata masu kawo fura su rangaɗa guɗa.

Abin lura a nan shi ne makaɗin ba shirin gida ya zo da shi ba. Idonsa na kan bayan manoma, yana karanta gajiyarsu da zafin ransu, yana amsa musu da hannu, su kuma suna amsa masa da garma. Zance ne tsakanin mutum biyu, ɗaya da ganga ɗaya da jiki. In an naɗi sautin gangar kaɗai an naɗi rabin zance ne, kamar wanda ya laɓe yana jin mai magana a waya, ba ya jin na ɗaya ɓangaren.

To, yaya wannan yake a tsarin ƙamus? Gangar noma ta tafi kashin kayan kiɗa, makaɗanta su tafi kashin masu sana'a, manoma su tafi na uku, gayya na huɗu, take na biyar. Komai yana nan, kamar ragon da aka feɗe aka kasa: ga kai, ga ƙafa, ga tsoka, babu abin da ya ɓace sai numfashi. Ames ya fitar da faya-fayai biyu na kiɗan Hausa a jerin kaɗe-kaɗen Afirka na hukumar UNESCO, kuma suna da daraja ƙwarai, amma kunne kawai suka ciyar.

Da gayya tana nan da ƙarfinta da wannan gibi bai dami kowa ba, domin mai son gani sai ya je gona. Amma ƙwadago ya karɓi wurinta, ga garmar shanu da tarakta, ga maganin feshi da ya rage aikin noman firi da maimai, watau ayyukan da aka fi kiran gayya dominsu. Makaɗin noma da ya rasa gayya ko dai ya koma bin biki da 'yan siyasa, ko ya rataye ganga, ɗansa kuwa ya nemi wata sana'a. Take kuma ba a rubuce yake ba. Yana hannun makaɗi ne da kunnen mai shi, in su biyun suka kau shi ke nan.

Haka abin yake a dandalin 'yammata. Wanda ya karanta Baba of Karo, labarin da Baba ta ba Mary Smith a Giwa tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai ga yawan wurin da makaɗa da rawa da waƙoƙin biki suka ci a rayuwar macen ƙauye. Baba kuwa a Karo da Zarewa ta tashi, can kan iyakar Kano da Zazzau, ba nisa da yankin da muke magana a kai, saboda haka shaidarta kusan shaidar gida ce. Kalangu ne ke kiran 'yammata dandali, kowace da takenta, samari na liƙi. Inda babu makaɗi kuwa sai gaɗa, wadda tafi ne gangarta: a yi da'ira, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya ta faɗo, ƙawaye su cafe ta su cilla, duk a kan faɗuwar amshi. Waƙoƙin gaɗa an rubuta su da yawa a kundaye. Amma a wace gaɓa ta waƙar yarinya ke sakin jiki ta faɗo, kuma tafi nawa ke tsakanin faɗowa da cillawa? Wannan shi ne ginin wasan, kuma shi ne ba a rubuta ba. Tun da harkar finafinan Hausa ta kankama a Kano daga 1990, lasifika da waƙoƙin fim suka yi ta ture kalangu a wurin biki, makarantar boko da ta Islamiyya kuma suka cinye lokacin da a da na dandali ne.

Abin da jami'a ta ɗauka

Ba a zargin ƙamus da rashin cika alkawarin da bai ɗauka ba. Ames da King harsashi suka kafa, ginin namu ne. Tambayar ita ce me muka ɗora a kai.

Da nazarin ya dawo hannun 'yan ƙasa, a sassan harshe da adabi ya sauka, domin nan ne Hausa ke da kujera a jami'a. Malamin adabi kuwa kalma ita ce abincinsa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana a 1975, ya buɗe ƙofar da ɗaruruwa suka bi. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aikin da babu mai raina shi: tun a 1983 ya yi kundin digirinsa na biyu a kan waƙoƙin noma, kuma littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993 ya raba mu da auna waƙar makaɗi da ma'aunin rubutacciyar waƙa. Shi ya zaunar da kalmomin makaɗa da kansu, irin su turke da gindi da ɗa, a bakin ɗalibai, kuma bai manta da kayan kiɗa ba. Wannan ci gaba ne na gaske.

Amma a duba abin da ke faruwa idan hanyar ta faɗa hannun ɗalibi mai wata shida da ɗan guzuri. Zai nemi waƙar da ke da kalmomi masu yawa, domin a nan ne zai sami turke da adon harshe da zai cika babi. Zai nemi wadda ke kan kaset ko a waya, domin ba sai ya je ko'ina ba. Ka ga ke nan hanya ta zaɓar masa Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Barmani Coge, ta ture makaɗin noman Taba, wanda in aka rubuta abin da ya faɗa da baki a yini guda watakila ba zai cika shafi biyu ba, alhali ya yi wuni yana magana da ganga. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ma mashahurai ya fi naɗa, kuma a ɗaki yake naɗarsu, inda babu mai rawa. Sai faifan rediyo ya zama shi ne filin bincike, ɗalibi ya juyi waƙa daga faifai zuwa takarda, wani ya zo ya juya daga takardarsa. A kowane juyi ana zubar da wani abu: da farko taro, sa'an nan rawa, sa'an nan kiɗa, har a wayi gari ana nazarin waƙar dambe kamar wadda aka rubuta da alƙalami a zaure.

Akwai kuma dalilin da ba mu cika son faɗa ba, watau kunya. A wurin Bahaushe rawa ta yara ce da 'yammata da 'yan bori da 'yan tauri. Dattijo ba ya rawa, malami balle. Makaɗi ma a ƙasan tsani al'ada ta ajiye shi, to ina ga mai taka masa? Manazarcin da ya fito daga cikin wannan al'ada zai fi sakewa ya ce yana nazarin hikimar mawaƙi da ya ce yana nazarin karkaɗa kafaɗa. Ta fuskar addini kuwa, Veit Erlmann ya tattara abin da shugabannin jihadi suka rubuta a kan kiɗa a littafinsa Music and the Islamic Reform in the Early Sokoto Empire na 1986. Abin da ya fito a fili shi ne sun bambance kiɗan da ke da amfani, kamar na yaƙi da na tara jama'a da na shelar aure, da kiɗan shagala, kuma abin da suka fi tsananta wa shi ne cakuɗuwar maza da mata a wurin wasa. Wannan hukunci ne a kan aikatawa, kuma mutanen ƙauye suna da haƙƙin su bar abin da suka ga bai dace da addininsu ba. Amma rubuta yadda abu yake daban, yin sa daban. Malaman da suka soki waɗannan wasanni sai da suka siffanta su kafin su soke su, kuma daga sukar tasu muke sanin wasu abubuwan da ake yi a wancan zamani. Gaɗa ma ai babu namiji a cikinta, gayya kuwa aiki ce.

Ba za a ce ba a taɓa rawa ko kaɗan ba. Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Michael Crowder ya shugabanta a farkon shekarun 1970, ta riƙe ƙungiyar 'yan wasa, kuma a nan ne makaɗin nan Ba'amurke Yusef Lateef ya zauna daga 1981 zuwa 1985. Shi da Ziky Kofoworola suka fitar da Hausa Performing Arts and Music a 1987, littafin da ya fi ƙamusun kusantar wasa yadda ake yin sa. Masu koyar da wasan kwaikwayo a Samaru su ma sun fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, sai dai wayar da kai ya kai su, kiɗa da rawa abin jan jama'a ne a wurinsu. Sauran aikin kuwa dandamali ya tafi. Bikin FESTAC na 1977 da bukukuwan al'adu na jihohi sun haifar da rawar minti goma, mai anko da jeri, mai fuskantar manyan baƙi. Ƙoroso, wadda 'yan rawar Kano suka yi suna da ita, gwanin ban sha'awa ce, amma don dandamali aka tsara ta, kuma yau ita yaran makaranta da yawa suka sani da sunan rawar Hausa. Rawar ƙauye ciki take fuskanta, da'ira ce, mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima. In aka buɗe da'irar aka mai da ta layi domin gwamna ya gani, an sami wani abu dabam. Abin da UNESCO ta sa a jerinta daga ƙasar Hausa, watau bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024, manyan bukukuwa ne masu sarki a tsakiya. Gayya ba ta da sarkin da zai kai ta can, in ba Sarkin Noma ba.

Yadda wasu suka yi

Ba rashin na'ura ne ya hana ba, domin a shekarun 1960 ɗin nan da Ames ke Zazzau, Peggy Harper da Francis Speed suna ɗaukar rawar matan Tibi da ta Irigwe na Miyango a fim domin nazari, daga Jami'ar Ibadan. Tun 1928 kuma Rudolf Laban ya fito da hanyar rubuta motsin jiki a takarda, kamar yadda ake rubuta sauti.

Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na ƙasar Hangari. A can ma da waƙa aka fara: Bartók da Kodály sun shiga ƙauyuka da na'urar naɗar murya tun wajen 1906. Amma waɗanda suka biyo baya, musamman György Martin, sai suka juya ga rawa, suka ɗauki manoma a fim suna takawa tare da makaɗansu, suka feɗe motsin gaɓa-gaɓa kamar yadda ake feɗe jimla. A 1972 matasa a birnin Budafes suka buɗe abin da suka kira gidan rawa, inda ake koyon rawar ƙauye daga waɗannan finafinai da kuma daga tsofaffin ƙauye da kansu, a taka ta don nishaɗi da makaɗa a zaune, babu 'yan kallo. A 2011 UNESCO ta amince da wannan a matsayin hanyar kiyaye al'ada abar koyi. Ba cewa ake a kwafo gidan rawa a kawo Hunkuyi ba, zamanmu da nasu ba ɗaya ba ne. Darasin shi ne fim ɗin ya yi amfani ne saboda an ɗauki mai rawa da makaɗi tare, tun daga fari har ƙarshe, ta yadda wanda bai taɓa gani ba zai iya koya.

Abin da ya rage a yi

A ganina abin da ya kamata ɗalibi ya ɗauka a matsayin batun kundinsa shi ne taro guda, daga kiran gayya har watsewa, ko biki guda daga kamu har buɗar kai, maimakon waƙoƙi ashirin na mawaƙi ɗaya. Wayar da ke aljihunsa ta fi duk abin da Harper ta riƙe. Abin da ya rasa shi ne horo: ya san cewa ba fuskar mawaƙi ake bi ba, a tsaya ne inda hannun makaɗi da ƙafar mai rawa za su fito a hoto ɗaya, kuma ba a yanke ɗauka don an ga kamar maimaici ake yi, domin a cikin maimaicin ne sauyin yake. Bayan an ɗauka sai a zauna da makaɗin a nuna masa, a tambaye shi taken wa ya kama a nan, me ya gani ya sauya. A nan ne ƙamusun Ames da King zai yi aikin da ya fi dacewa da shi, watau a riƙe shi a hannu ana tambaya: wannan kalma da aka ji a Zazzau a 1964 tana nan? Haka kuke faɗinta a Taba, ko Kananci ya rinjaya, tun da kuna bakin iyaka? Akwai kuma unguwannin Maguzawa a ƙasar Ikara da Makarfi, waɗanda bai kamata a tsallake su ba in ana neman kiɗan noma da na biki.

Wajen koyarwa, darasin waƙar baka a kwalejojin ilmi da jami'o'i yana bukatar makaɗi a cikin aji, a biya shi kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, domin bai kyautu a ce ɗalibi ya sami digiri a kan kalangu bai san yadda matsa tsarkiya a hammata ke ɗaga murya ta kwaikwayi karin harshe ba. Makarantar da ke da gona tana iya kiran makaɗin noma ranar huɗa, yara su ji yadda garma ke bin ganga. Kwafin duk abin da aka ɗauka kuma a bar shi a garin, a hannun waɗanda aka ɗauka, da yardarsu.

Mafi gaggawa shi ne ɓangaren mata. Yarinyar da ke da shekara goma sha biyu tana gaɗa a dandalin Taba a shekarar da Ames ya iso Zazzau, yanzu ta haura saba'in. Tana cikin gida, baƙo namiji ba zai shiga wurinta ba, saboda haka aikin ɗalibai mata ne. Kuma in an tambaye ta da baki waƙar kawai za ta rera, kamar yadda aka saba karɓa. Tafin da faɗowar sai an tara mata jikoki a tsakar gida ta tsaya a kansu tana gyara musu, ana ɗauka.